Tumatir da dankalin turawa sun fara kumbura min hannu da leɓe, dan Allah wa ya taɓa ganin irin wannan?

Maman Hanan, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah wata matsala ce ta dame ni, a gida kowa na faɗa wa sai ya ce ai ba komai zai wuce, shi ya sa na kawo ta nan ko Allah zai sa a dace. Ni abincin sayarwa nake yi a gida, shekara bakwai kenan, tuwo da miya, shinkafa da miya, waina ranar Juma'a, in lokacin Umra ya kama kuma baƙinmu na gida suna yawan aikowa don ba kowa ke jure kabsa safe da dare ba. To kun san wannan sana'ar hannu kullum cikin kayan miya yake, kwali guda na tumatir ake ɗauko min daga halaƙa, wato kasuwar kayan gwari, ga tattasai ga attarugu ga dankalin da nake ferewa na soya wa yara 'yan makaranta.

Tun bayan ƙaramar Sallah abin ya fara. In na fere ɗanyen dankali ko na yanka tumatir ko minti goma ba a yi sai tafin hannuna da tsakanin yatsu su kama ƙaiƙayi, su yi ja su tashi ruɗu-ruɗu kamar borin jini, wani lokacin har da atishawa da ruwan ido. Maƙociyata ta ce in riƙa sa safar hannu, na je saidaliyya, wato shagon magani, na sayo kwali guda irin farar nan mai laushi ta asibiti, wallahi maimakon sauƙi sai abin ya ƙaru, yanzu har wuyan hannu yake kaiwa, ina cire safar zan ga shatinta ja a fatata.

Wanda ya tsorata ni shi ne na shekaranjiya. Na ci salak da ɗanyen tumatir, ina ci ina jin bakina na ƙaiƙayi har cikin kunne, kafin in gama leɓena na ƙasa ya kumbura suntum, maƙogwarona kamar an sa min ƙaya. Na sha ƙwayar hassasiyya, wato maganin alaji, ya sauka bayan kamar awa biyu. Amma miyar da aka dafa ina ci ba ta min haka sosai, sai dai ƙwannafi da daddare. Na duba a intanet na ga wai tumatir da dankali da tattasai da barkono duk dangi ɗaya ne wai a bar su gaba ɗaya. To ni in na bar su me zan dafa, me zan sayar? Da wannan sana'ar nake taimaka wa maigida da kuɗin haya da sabunta iƙamar yara, wato takardar izinin zama. Surukata cewa take iyayi ne, wai ita tunda take ba ta taɓa jin tumatir ya kama mutum ba. Dan Allah wanda ya san wani abu ya taimaka min.

Hajiya Inna, Makka:

Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu, Allah ya ba ki lafiya ya yaye miki. Ni ba likita ba ce, maganar asibiti na bar wa masu ita, amma maganar me za ki dafa wannan kam kada ta hana ki barci. Shekarata sama da arba'in a garin nan, kuma na tashi a gidan da sai a yi mako ba a ɗora jar miya ba. Kuka muke sha, busasshiyar kuɓewa, karkashi, lalo wanda Larabawa ke ce wa mulukiyya, yakuwa da gyaɗa, taushe da kabewa. A cikinsu wacce ce ba ta yiwuwa sai da tumatir? Daddawa ce uwar miya, ita da albasa da ƙashi mai ɓargo ko busasshen kifi, yaran yanzu ne suka mai da komai sai an zuba markaɗe har miyar kuka sai ka ganta ja-ja, ɗanɗanon kukar ma ya ɓace.

In yaji kike so akwai masoro, akwai citta, kimba, kanumfari, tafarnuwa. Ki daka su tare ki ajiye a kwalba. Masu kayan gida na Shari'a Mansur duk suna da su, ku ma can Jidda nasan ba za ki rasa ba wajen mutanenmu. In kuma jar miyar ce dole saboda masu cin shinkafa, ki dafa kabewa ja da karas da albasa mai yawa su yi luguf ki niƙa, ki soya da manja kaɗan, ki jiƙa tsamiya ki tace ki zuba don ta ba ki ɗan tsamin nan da tumatir ke bayarwa. Na sha yi wa maigidana marigayi, Allah ya jiƙansa, lokacin da gyambon ciki ya matsa masa, kuma baƙi sun ci ba su ce komai ba sai santi. Ki haɗa da gauta ko yalo ma in kin samu suna ƙara wa miya kauri.

Surukarki kuma ki yi mata haƙuri, ki bi ta a hankali. Mu zamaninmu ba a san sunan waɗannan cututtuka ba, mutum sai dai ya ce abu kaza ba ya karɓata, a ƙyale shi.

Abu Faisal:

Allah ya sawwaƙe Hajiya. Ni shawarata ki bar su duka kawai ki huta. Mahaifiyata ta yi fama da ciwon gwiwa, wani ya ce ta bar tumatir da dankali da barkono, ta bari wata uku ta ce ta ji sauƙi. Sannan akwai tahalil, wato gwajin jini, da ake tallarsa a waya, jini kaɗan za su ɗiba su fito miki da jerin abinci masu yawa da jikinki ba ya so, ki yi shi ki san matsayinki.

Ummu Sa'ad, Madina:

Maman Hanan sannu 'yar uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na karanta bayaninki sau biyu, kuma wurin da ya fi tsaya min a rai ba tumatir ɗin ba ne, safar hannun ce. Dan Allah yau ɗin nan ki ɗauko kwalin ki duba ko an rubuta lateks a jiki. Lateks ƙaron wata bishiyar roba ne, da shi ake yin irin wannan safar da balan-balan ɗin yara da wasu kayan asibiti, kuma akwai sunadarai a cikinsa da suka yi kama da waɗanda ke cikin ayaba, afokado, kiwi, har da ɗanyen dankali da tumatir. Jikin da ya tsani ɗaya sai ya riƙa rikita shi da ɗayan. Mu a wurin aiki mun san wannan sosai don ma'aikatan asibiti na cikin waɗanda ya fi kamawa saboda yawan sa safar. Ki tuna, kin taɓa hura balan-balan leɓenki ya yi ƙaiƙayi? Ayaba fa? In dole sai kin sa safa ki nemi ta naitiril, yawanci shuɗiya ce, amma kada ki dogara da kala ki karanta kwalin. Ba cewa nake na gano ciwonki daga nan ba, likita ne zai tabbatar, amma ki faɗa masa maganar safar nan da bakinki kada ki manta.

Sai abu na biyu, mutane suna haɗa abubuwa uku su kira su hassasiyya alhali ba ɗaya ba ne. Akwai hassasiyya ta gaskiya, wadda garkuwar jiki ke ɗaukar abinci a matsayin maƙiyi ta saki sinadarin histamin, alamarta tana zuwa da wuri, daga 'yan mintuna zuwa awa biyu, ƙaiƙayi, borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai, shaƙewa. Abin da kika faɗa na hannu da leɓe ya yi kama da wannan. Akwai kuma rashin jituwa da ciki kawai, kamar ƙwannafin da kike ji da daddare, tumatir yana da tsami, ga mai ga soyuwa, mutum ya ci ya kwanta dole ya taso masa, wannan ba ruwansa da garkuwar jiki. Na uku zafin barkono, wani sinadari ne a cikinsa mai suna kafsaisin, kowa ya yi jajjagen attarugu da hannu zai ji raɗaɗi, wannan ƙuna ce ba hassasiyya ba.

Dalilin da ya sa ɗanye ke kama ki dafaffe bai cika yi ba, wasu daga cikin sunadaran nan wuta na lalata su. Amma ba duka ba, akwai masu jure wuta, shi ya sa wani ko miyar ya sha sai ta tayar masa. Don haka kada wata ta karanta wannan ta ce to dafaffe lafiya lau ne ga kowa.

Yanzu maganar da nake so ki riƙe da kyau. Tunda har maƙogwaro ya shiga, ki daina gwada ɗanyen tumatir a gida don ki ga ko zai sake yi. Wanda ya zo da sauƙi jiya ba shi ke nuna na gobe zai zo da sauƙi ba. In kika ji numfashi na sarƙewa, murya ta dishe, harshe ya kumbura, ko jiri kamar za ki faɗi, ba lokacin ƙwayar hassasiyya ba ne, ita ƙwayar abin da take kwantarwa ƙaiƙayi ne, ba ta buɗe maƙogwaro. A kira 997 na Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya, ko 911, maganin wannan allurar adirinalin ce a cinya, kuma likita na iya rubuta miki irin wadda ake yawo da ita a jaka. Ki koya wa maigida da babbar 'yarki. In tambaya ce kawai ba gaggawa ba akwai 937 na ma'aikatar lafiya.

Ki fara da mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ki nemi a tura ki wurin likitan hassasiyya. Gwajin iri biyu ne, na fata, a ɗiga abin a hannu a ɗan tsira a jira minti 15 zuwa 20, wani lokacin ma da ɗanyen tumatir ɗin kansa ake yi, sai na jini da ake kira IgE. Kafin na fata ana dakatar da ƙwayar hassasiyya na wasu kwanaki don tana ɓoye sakamako, likitan zai faɗa miki kwana nawa. Kafin ranar ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta me kika ci, ɗanye ko dafaffe, bayan minti nawa abin ya taso, wallahi wannan littafin yana taimakon likita ƙwarai don gwaji kaɗai ba ya yanke hukunci sai an haɗa da labarin mai ciwo.

Malam Abu Faisal ka yi haƙuri zan saɓa maka. Wancan tahalil ɗin mai dogon jeri IgG yake aunawa ba IgE ba, kuma ƙungiyoyin likitocin hassasiyya na Turai da Amurka sun ce kada a yi amfani da shi wajen gano hassasiyyar abinci, yawanci abin da mutum ya saba ci yake nunawa. Na ga mata sun zo sun rame saboda takarda ta hana su madara da ƙwai da alkama da shinkafa ba gaira ba dalili, abin yana min ciwo. Maganar gwiwa kuma Alhamdulillah da Mama ta ji sauƙi, amma bincike bai tabbatar da cewa waɗannan kayan miya na kawo ciwon gaɓɓai ba. Kasancewarsu dangi ɗaya ba ya nufin wanda tumatir ya kama dole barkono ya kama shi.

Hajiya Inna Allah ya ƙara girma, miyar kabewar nan ni ma zan gwada. Gyara ɗaya kawai Mama, gauta da yalo 'yan gidan su tumatir ne, ta dakata da su tukuna har ta ga likita.

Ɗan Maiwurno, Riyad:

Anti sannu da jiki. Ni a mat'am, wato gidan abinci, nake aiki shekara biyar, bari in faɗa miki inda abubuwan nan ke ɓuya a abincin ƙasar nan don in kin fita ko an kawo muku daga waje. Kabsa da bukhari yawanci da tumatir ake dafa shinkafar tun daga tukunya, ba a iya tsince shi. Mandi da saliƙ su ne galibi babu a ciki, amma daƙƙus ɗin da ake haɗowa da su ɗanyen tumatir ne da barkono aka niƙa, shi ne ma ya fi haɗari a gare ki tunda ɗanye ne, ki ce kada a sa miki a leda ɗaya. Shakshuka ƙwai ne da tumatir. Ful ana zuba masa a kai, mutabbaƙ akwai a cikin haɗin, shawarma kuma suna cusa soyayyen dankali da yankan tumatir, kuma wuƙa ɗaya katako ɗaya ake yanka komai, ko kin ce bidun tamatim, wato ban da tumatir, ruwansa na jikin wuƙar. Ki ce musu indi hassasiyya, wato ina da hassasiyya, in suka ji kalmar nan sun fi kula. Mutabbal da musaƙƙa'a kuma bazinjan ne, wato babban yalo baƙi, mu a Sudan aswad muke ce masa, salatar aswad da dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, ba bikin da za a yi babu ita, shi ma ɗan dangin ne. Har siriya ta Makka da agashe namu, tsire ne dai, garin ƙuli-ƙulin akwai barkono a ciki.

A baƙala, wato kantin unguwa, ki riƙa juya bayan leda. Nasha batatis garin dankali ne ana sa shi a wasu kayan gwangwani da miyar leda, babrika da filfil ahmar da shatta duk barkono ne, garin kori ma akwai. Amma filfil aswad ba ruwansa da su, sunan ne kawai ya haɗa su, shi ɗan uwan masoro ne. Haka dankalin Hausa, wanda muke ce wa bambe a Sudan nan kuma batata hilwa, ba danginsu ɗaya da na turawa ba sam, ki soya wa 'yan makarantarki shi, ko doya. Kuɓewa da zoɓo da kuka su ma gidansu daban. Wanda mutane ba su sani ba shi ne taba da zaƙami 'yan wannan dangin ne, har da ashwaganda da mata ke saya yanzu a saidaliyya don barci.

Sannan dankalin da ya yi kore ko ya fara tsiro, wannan kowa ma ya guje shi ba sai mai hassasiyya ba, akwai dafi a wurin mai suna solanin kuma tafasawa ba ta kashe shi, mu in buhu ya zo da irinsu warewa muke.

Maganar Hajiya Inna gaskiya ce. Tumatir da barkono da dankalin turawa duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su ƙetaro ba sai bayan 1492, gauta ce tamu ta Afirka. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 suka zauna bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, kakata ta ce abin da ta tashi ta ga ana ci a gidansu tuwon dawa ne da kuka da weka, busasshiyar kuɓewa kenan, har yau in na je gida shi nake fara nema.

Maman Hanan, Jidda:

'Yan uwa na dawo, ku yi haƙuri da shiru na kusan wata guda, sai da aka ba ni rana. Ummu Sa'ad Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ranar da na karanta saƙonki na tashi na ɗauko kwalin, lateks ne rubuce ɓaro-ɓaro. Kuma sai na tuna ranar walimar saukar Hanan ni na hura balan-balan, bakina ya yi ta ƙaiƙayi na ɗauka jan-baki ne. Ayaba ma na daɗe da daina ci don tana kankare min maƙogwaro ban taɓa haɗa su ba.

An yi min na fata da na jini. Lateks ya fito sosai, tumatir da ɗanyen dankali da ayaba sun fito, barkono da tattasai babu komai. Likitar ta ce ɗanyen tumatir kada in ci kada in taɓa, dafaffen dankali tunda ina ci lafiya in ci gaba, miyar tumatir kuma in dakata sai na koma wurinta an gwada a gabanta. Ta rubuta min allurar nan ta jaka, ta ce duk asibitin da na je ko wurin likitan haƙori ko haihuwa in fara faɗin maganar lateks kafin kowa ya taɓa ni. Na tafi da surukata don ta ji da kunnenta, tun a mota ta yi shiru, da muka dawo ita da kanta ta kwashe safar ta zubar.

Yanzu ƙanwata ke yin markaɗe da firar dankali, ni ina kan tuwo da waina da safar naitiril, hannuna ya warke sai ɗan duhun da ya bari. Na ƙara miyar kuka da taushe a abin da nake sayarwa kuma tafiya suke, musamman wurin dattawa. Hajiya Inna na gwada miyar kabewar amma ta yi min zaƙi da yawa, yaran suka ce kamar fate. Dan Allah Mama yaya kike auna tsamiyar, kuma karas ɗin nawa ne a rabin kabewa?

Hajiya Inna, Makka:

Alhamdulillah ɗiyata, na ji daɗin labarin nan, ki gaishe min da surukar taki. Karas ne ya yi miki yawa, biyu sun isa a rabin kabewa matsakaiciya, albasa kuma manya uku. Ki soya niƙan sosai har mai ya taso sama kafin ki tsaida ruwa, a nan zaƙin ke mutuwa. Tsamiya kamar girman ƙwai ki jiƙa a ruwan ɗumi, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa, daddawa ƙulli ɗaya. Tunda an ce barkono bai kama ki ba ki jefa attarugu biyu da tattasai, su za su ba ki jan da kike nema.